Rabin Albasa a Hannun Baba

Bawku, daren Laraba, bayan Babbar Sallah

Har yanzu hannuna ƙarnin maiƙo yake yi. Murhun gas ɗin da Yaya Salisu ya kawo daga Kumasi, kitsen layya ya daskare a wayarsa ta gashin nama kamar kwalta. Tun hantsi nake dirza da soso da sabulu a banza, har na fara zagin murhun.

Baba yana kan tabarma yana kallona. Tun da ciwon nan ya kashe masa hannun hagu ya bar teburin tsirensa, ko magana sai an ja shi.

Sai na ji ya ce, "Ladi, ba a wanke waya da sanyi. Kunna wutar."

Ya dafa bango ya taso. Da wayar ta yi zafi, ya soke rabin albasa da wuƙa yana gogawa, maiƙon na narkewa yana ɗiga. Da hannu ɗaya! Na tsaya ina kallon wuyan hannun nan da ya ciyar da mu duka. Bai manta komai ba.

Da ya gama ya daɗe yana duban wayar, sannan ya ce, "Gobe ki daka mini ƙuli da yaji."

Turmin ma na riga na wanke shi.