Fatar Gidanmu Ba Ta Kamashali

Da sunan Allah Mai rahama. Daga ƙaninka Mutari majemi a birnin Zinder, zuwa ga Yaya Nomau a Kukawa. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya tsare ka da iyalinka a ƙasar Barno. Mu nan lafiya lau. Inna Fanta ƙafarta ta yi sauƙi har tana fita tsakar gida, geron gonarmu ta Hamdara kuma ya yi kyau bana.

Saƙonka ya iso ta bakin madugu, cewa in bi shawarar Mai Nasara mai sayen fatunmu in daina taurin kai. Yaya, ba a gaya maka zancen duka ba. Ka san Mai Nasara ya yi shekaru a Tarabulus yana yi wa fataken Ingilishi tafinta. To, ya dawo da wata kalma tasu da ba ta barin bakinsa, wai kamashali. Na tambaye shi ma'anarta, ya ce ba sunan kaya ba ce, yadda ake duban abu ce, wato ta fuskar ciniki kaɗai. Doki yana iya zama kyakkyawa, in ji shi, amma in ba mai saye, kamashali bai da amfani. Yanzu har kasuwa ta ɗauka. Mai fura in ta tsinka nono da ruwa sai a ce ta dama kamashali, a yi dariya.

Ya same ni a majema da hantsi, ya ce in riƙa tsame fatun akuya daga ruwan bagaruwa tun ba su ƙosa ba, in shafa musu jan karan dafi sama-sama, don ayari ba ya jira. Wai kamashali duk ɗaya ne, tunda mai saye yana bayan hamada, ba zai taɓa ganin fuskata ba. Na ce masa fatar da ba ta sha bagaruwa ba, damina ɗaya za ta tsage a hannun bawan Allah da bai yi mini laifin komi ba. In shi bai gan ni ba, ai Allah Yana ganina. Ya ce Baba ya mutu da tsohon yayi. Nan ne raina ya ɓaci, na ce ya fitar mini daga majema, ya kai kalmarsa inda ake sayenta.

Ba zan ɓoye maka ba, abin ya taɓa mu. Ya kai cinikinsa wasu majemu, mutum biyu cikin masu aikina sun bi shi, rabin kwatarniyoyina a bushe suke. Matata Sakina ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, sannan da kanta ta ce gara mu sha miyar kuka cikin mutunci. Dukawan Birni kuwa har yanzu wurina suke zuwa, don su suna ganin fuskar wanda suke ɗinka wa sirdi.

Ga fata ɗaya na ba madugu ya kawo maka. Ka jiƙa ta, ka murɗe ta, ka bar ta a rana. In ta tsage, na yarda in je in ba Mai Nasara haƙuri gaban jama'a. In ba ta tsage ba, kada ka sake aiko mini da wannan magana.

Ka gaida Yaya Bintu da su Habu da Zara. Inna tana sa maka albarka, tana tambaya yaushe za ta gan ka. Allah Ya sada mu da alheri.

Naka, Mutari.