Ƙofar Mma Damata

Akim Oda, Janairu 1987

Zuwa ga Yaya Zenabu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen gida baki ɗaya. Mu nan sai godiyar Allah.

Na rufe lissafin bara, kuma tunda rabin injin katakon nan naki ne ta gadon Baba, haƙƙinki ne ki ji halin da ake ciki. Ba mu faɗi ba, amma ba zan ce mun ci riba ba. Damina ta ɓata hanyar daji, gungumai suka yi ta kwana a can, tsohon zarton kuma yau lafiya gobe ciwo. Ɗan abin da ya shigo, gyara da albashi sun cinye shi.

Amma akwai labari mai daɗi. Wani Bature mai sayen katako ya zo ya duba namu, ya ce yana so a riƙa kai masa lodi tashar jirgin ruwa ta Tema kowane wata. Banki ya ce in har muka riƙe wannan ciniki, zai ba mu rancen sayen sabon inji. Da sabon inji, abin da muke yankawa a mako za mu yanka shi a kwana biyu. Sharaɗin dai kada lodin Baturen ya taɓa gazawa.

Wannan ya kawo ni kan maganar rumfar bayan gidanmu na Accra. Kin san tun zamanin Baba, duk wanda aka yi wa rasuwa a Maamobi da Nima gidanmu yake zuwa ya ɗebi katakon da za a jera a kan gawa kafin a mayar da ƙasa, ba ya biyan ko pesewa. A lokacin Baba unguwa ba ta cika haka ba. Yanzu har daga Kotobabi da Sabon Zongo zuwa ake yi, kuma abin da rumfar nan ke ci a shekara ya kai lodin mota biyu. Bana ba zan iya ba. Ki je ki sanar da Liman cewa in wanda ke ciki ya ƙare, kowa ya nufi kasuwar katako ya saya. Na shekara ɗaya ne kawai, in inji ya zauna sai mu dawo da shi.

Ki gaishe da kowa da kowa. Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki,
Tajudeen Jalilu

*

Maamobi, Fabrairu 1987

Taju,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Musah direba ya kawo takardarka ina tsakiyar sayar da waakye, shinkafa da waken nan da nake dafawa, na karanta ta a tsaye har mai ya ɗiga mata. Ka rubuto mini kamar ni ce manajan bankin, har da sa sunan Baba a ƙasa, ko ka ɗauka na manta ɗan wa ne kai?

Na ji batun inji, Allah ya sa albarka. Ni ma ba na ƙin riba, kwanon ɗakina yana zuba tun bara. Amma ka ce in je in gaya wa Liman, da wane bakin? Kai ka daɗe ba ka bi jana'iza a Accra ba, shi ya sa. Duk wanda aka kai maƙabartar Awudome aka rufe, kafin a watse sai Liman ya ɗaga hannu ya ce a yi wa Alhaji Jalilu mai katako fatiha. Baba ya shekara tara a ƙasa, amma ba makon da ba a ambaci sunansa a bakin kabari ba. Shi ne kake so in yafa gyale in je in ce a daina. In kai kana da ƙarfin ido, zo ka faɗa da kanka.

Af, Mma Damata tana cigiyarka. Ƙafafun sun kumbura, ba ta fita sai dai a zaunar da ita a bakin ƙofarta, shuɗiyar nan da kake lilo a jikinta har ka taɓa ɓalle mata ƙusa. Kullum na kai mata koko sai ta ce, “Taju ɗina ya manta da ni gaba ɗaya kraa.” Kada ka manta ita ta shayar da kai tare da Ishawu ɗinta lokacin da Mmanmu ta rasu ta bar ka jinjiri. Ko sabulu ne ka ba Musah ya kawo mata.

Ka sake tunani a kan rumfar nan. Sai na ji daga gare ka.

Yayarka,
Zenabu

*

Akim Oda, Afrilu 1987

Yaya Zenabu,

Assalamu alaikum, tare da fatan alheri. Na sa hannu a takardun banki, an kuma yi odar injin. Yanzu maganar ta wuce sake tunani. Daga wannan wata motar Musah Tema za ta riƙa wucewa kai tsaye, ba abin da za a sauke a Maamobi.

Yaya, ba ina raina abin da Baba ya kafa ba ne. Mutum talatin ke cin abinci a injin nan, su ma suna da iyaye da 'ya'ya. In tsohon zarton ya mutu gaba ɗaya, ba katakon kabari ba na sayarwa. Don Allah ki daure ki gaya wa Liman tun da sauran katako a rumfa, mutane su san inda za su nufa. Kunyar rana ɗaya ce.

Ga sabulu da turmin atamfa a ba Mma Damata. Ki ce mata ina nan zuwa da zarar inji ya iso.

Wassalam,
Tajudeen

*

Maamobi, Yuli 1987

Taju,

Salamu alaikum. Ban san ta inda zan fara ba. Mma Damata ta rasu ranar Lahadin da ta wuce, bayan sallar asuba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Na san Musah ya riga ya gaya maka wannan. Sauran ne bai iya gaya maka ba, ya ce ni in rubuta.

Ban je wurin Liman ba. Sau biyu ina yafa gyale in kai har bakin masallaci, in gaishe shi in juyo. Katako ya yi ta raguwa, ina cewa mota na hanya. Da ya ƙare cikin azumi, na sayo da kuɗin waakye na zuba, sau biyu, har jarina ya fara girgiza. Daga nan sai na sayi kwaɗo na garƙame rumfar. Allah ya sa makonnin nan ba wanda ya zo nema, na yi ta ce wa kaina gobe zan faɗa.

Ana saura kwana kaɗan ta rasu na kai mata koko. Ta riƙe mini hannu ta ce, “Zenabu, katakon ɗana ya iso? Ni da na Taju za a rufe ni.” Taju, idonta a cikin nawa. Na ce mata yana nan jibge a rumfa, shi ya sa ma na kulle don kada yara su taɓa. Ta yi murmushi ta ce Allah ya yi maka albarka. A gaban Ishawu aka yi wannan magana.

Ranar Lahadi hantsi bai gama fitowa ba sai ga Ishawu da maza sun cika bayan gida, har da Liman. Ishawu ya ce, “Sista, Mma ya tafi. Kawo makulli, mota yana jira.” An riga an yi mata wanka, masu haƙa suna can Awudome. Na shiga ɗaki na yi kamar ina neman makullin, alhali yana ɗaure a bakin zanena. Na fito na buɗe. Ba komai a ciki sai garin katako da wata kaza da ta samu wurin ƙwai.

Da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Wani ya ce a ruga kasuwar katako, aka tuna masa Lahadi ce, ko'ina a rufe. Wani ya ce a bi gidajen kafintoci, aka dawo da guntaye da ba su kai faɗin kabari ba. Rana tana ta yi, gawa tana jira. Ishawu ya dube ni ya ce, “Sista, da ka gaya mana jiya ma ya isa.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Ya karɓi guduma a hannun Osman kafinta ya nufi gidansu. Ina tsaye ina jin bugun daga nan. Ƙofar ɗakinta ya cire, shuɗiyar nan, Osman ya tsaga ta a tsakar gida mata suna kallo suna kuka. Da ita aka rufe Mma Damata.

Waɗanda suka je sun ce da aka gama, Liman ya ɗaga hannu kamar kullum, ya ce a yi wa Alhaji Jalilu fatiha duk da haka. Wannan “duk da haka” ta fi komai cina.

Tun ranar ban kafa tukunyar waakye ba, ba na iya zama a bakin titi. Ba laifinka kaɗai nake gani ba. Kai ka hana katako, amma ni na yi wa mai mutuwa ƙarya. Ka zo ta'aziyya.

Zenabu

*

Akim Oda, Agusta 1987

Yaya,

Assalamu alaikum. Na karanta takardarki ban san sau nawa ba. Ki yafe mini shirun da na yi.

Na zo Accra ranar sadakar bakwai, ba ki sani ba. Na sauka a mahaɗar Kawukudi da goro da buhun shinkafa. Ina shirin tsallaka titi sai na hango dattawan unguwarmu cikin fararen riguna sun nufi gidan rasuwar. Na raɓe bayan wani kiyos kamar ɓarawo har suka wuce, na ba mai kiyos ɗin goron da shinkafar ya aika ba tare da suna ba, na hau trotro, motar haya, na koma tasha. Mutum mai shekara arba'in, Yaya. Ni da na ce miki kunyar rana ɗaya ce.

Injin ya iso, an kafa shi, yana aiki kamar yadda aka faɗa. Ma'aikata sun yi ta murna, ni kuwa ko kallonsa ba na son yi. Na hana a sa masa katakon Bature sai da aka fara yanka itacen odum mafi kyau da ke filin. Na sa an yi ƙofa da shi, na goge ta da hannuna, na sa an shafa mata shuɗin fenti irin na waccan. Irin wannan itace yana shekara hamsin gara ba ta taɓa shi ba. Musah zai sauke ta gidanmu. Don Allah ki kai wa Ishawu, ki ce daga ɗan'uwansa na nono, a kafa a ɗakin Mma.

Maganar rumfa kuwa, hannuna a ɗaure yake har ƙarshen shekara, kin san yadda muka yi da banki. Amma ƙofar ko ba komai za ta rufe ɗakin.

Ki roƙa mini gafara wurin Ishawu. Allah ya jiƙan Mma.

Ƙanenki,
Taju

*

Maamobi, Satumba 1987

Taju,

Wa alaikumus salam. Ƙofa ta iso, ta yi kyau ƙwarai, mutum huɗu suka sauke ta.

Ishawu ya zo ya shafa ta, ya ce a yi maka godiya. Ya ce ɗakin ya saba da labule. Daga nan ya kira Osman, suka tsaga ta a nan bayan gida, daidai faɗin kabari, ya jera a rumfa da hannunsa. Ya cire kwaɗona ya miƙo mini, ya ce a bar rumfar a buɗe.

Shekaranjiya wata 'yar dako daga arewa ta rasu a Nima, ba ta da kowa a garin nan. Da ƙofarka aka rufe ta. Liman ya sa an yi fatiha ga Mma Damata mai katako.

Rumfa ta sake zama wayam. Na je na gaya wa Liman da bakina. Ya tambaye ni ko ɗan Alhaji ya ce wani abu, na ce zan tambaye ka.

Yayarka,
Zenabu