Jitarka Tana Ɗakin Inna

Zuwa ga Ya Modu, a Legas,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da abokan kiɗanka. Na rubuto maka a nan shafinka na sada zumunta, a idon jama'a, don na lura a nan kaɗai kake saurin amsawa.

Na sayo maka jitar.

Shekara uku ba ka taka Maiduguri ba, sai ga dogon saƙonka: mai shagon kayan kiɗan nan, mutumin Anambra, zai kwashe ya koma gida, yana karyar da kaya, in hanzarta. Jitar bes kake so, mai kaurin murya, mai tsirkiya huɗu, mai batir a baya, wadda wuyanta yake sumul, babu ƙarafan nan da ake gindayawa. Ka yi bayanin katako, ka yi bayanin launi. Inna ba ta samu ko rabin layi ba.

Guda biyu suka rage masa. Ya ce makaɗan coci sun ƙi su, don idan babu ƙarafa, yatsa ya goce kaɗan kowa zai ji. Ya koya mini in ɗora gindinta a kafaɗa, in kanne ido ɗaya, in dubi wuyan ko ya lanƙwashe. Ni da digirina, ina leƙen katako kamar kafinta. Ta farko zafi ya karkatar da ita. Ta biyu na shafa ta da yatsa, tsirkiya ba ta ci jikinta ba, na ɗauka. Yana zuge jakar yana tambayata ciwon ƙafar Inna. Shi ya tuna.

Abin da ba ka lissafa ba daga Legas shi ne yadda doguwar baƙar jaka take a idon soja. A shingen shiga unguwarmu, Dala, aka sauke mu daga keke. Daga nesa aka sa ni na buɗe ta da kaina. Ga waya a nannaɗe, ga batir. Ka san me waya da batir suke nufi a garin nan, ko ka manta?

Sojan ya ce in kaɗa, in dai jita ce. Na ja tsirkiya. Ba ka gaya mini sai da lasifika take magana ba. Ya ce bai taɓa ganin jitar da ba layi ba kuma murya. Na durƙusa a rana, hannu a sama, mutanen unguwarmu suna wucewa suna kawar da kai. Sai da wani dattijon saje ya zo, ya jingina kan jitar da ƙyauren wani kanti, ya ja tsirkiya, katakon ya ɗauki gurnani, sannan aka sallame ni. Mai keke ya daɗe da tafiya. A ƙasa na ƙarasa.

Da na shiga gida, Inna ta ga jakar, ba ta ko dube ni ba. Bayana ta duba. Ta ce a shimfiɗa darduma, a sanyaya ruwa, tunda kayanka sun iso kai ma kana ƙofa. Ni aka bar wa aikin gaya mata gaskiya.

Yanzu ba ta tashi sai an ɗaga ta. Wani lokaci da sunan yayarta take kirana. Amma kullum da safe sai ta sa an miƙo mata jitar ta goge da gefen mayafinta, tana ba ni labarin wadda ka haɗa da gwangwanin madara da wayar birki, kana sa ni riƙe bakin wayar har ta yanke ni. Ban manta ba. A lokacin gani nake babu kamarka a duniya.

Na san tasha, na san direbobin Legas. Ba zan ba su jitar ba. In hanya kake tsoro, masu tumatir suna bin hanyar Damaturu kullum, su ma da rai ɗaya. Jitarka tana bayan ƙofar ɗakin Inna, ka zo ka ɗauka.

Allah ya tsare hanya, ya kawo ka tun tana iya gane muryarka. Amin.

Ƙanwarka,
Yagana