Na Kwantar da Manhajar Islamiyya Ranar Asabar

Anti Ramlat, ki taimake ni kafin ɗan mutuncin da ya rage mini ya zube. A Safana Injiniya ake ce mini, alhali kwas ɗin wata shida na yi a Katsina. Shekara biyar ke nan da na haɗa wa Islamiyyarmu manhajar da malamai ke rubuta haddar ɗalibai, na ajiye ta a wurin wani kamfani a intanet. Tun da ta fara aiki ban ƙara taɓa ta ba. Kamfanin ya yi ta turo saƙo cewa ta tsufa, a sabunta, ni kuwa ina kau da kai kamar ban iya karatu ba.

Sai da suka ce nan da wata biyu za su rufe tsohuwar na farka. Na karanta cewa masana a hutun ƙarshen mako suke gyara, sai na zaɓi Asabar. Ni da na yi shekara tara a Islamiyya, na manta hutunmu Alhamis da Juma'a ne! Malamai suka iso, manhaja a kwance, sabis kuma ya ɗauke ina tsakiyar aiki. Kwana uku cur ta yi a kwance. Shugaban makaranta, Malam Sahabi, ya ce in aka kuma, littafi za a koma. Ga sauka ta matso, gyara bai kai rabi ba. In taɓa, ko in bar ta ga Allah?

Injiniyan wata shida, Safana

Ƙanena, ka ba ni dariya, amma ka sani wanda bai taɓa aiki ba shi ne bai taɓa ɓatawa ba. Malam Sahabi na da gaskiya, haddar yara amana ce. Kai ma kana da taka, don manhaja kamar katangar ƙasa take, wanda bai yaɓe ta da rani ba zai ga aikinsa da damina.

Kada ka bar ta. Fara kwafe bayanan duka, ka buga a takarda, ka damƙa wa Malam hannu da hannu, hankalinsa zai kwanta. Ka gwada gyaran a kan kwafi tukuna. Sannan ka sanar da malamai, ka nemi inda sabis ke tsayawa, ka yi aikin Alhamis da safe, kaɗan-kaɗan. In ya ƙi, kana da Juma'a ka mayar da komai yadda yake. Daga nan Alhamis ɗin farko ta kowane wata ta zama ranar duba ta, ko tana ciwo ko ba ta yi. Ka rubuta ranakun a bangon ofis, ka koya wa malami ɗaya, kada komai ya rataya a wuyanka.

Allah ya yi maka jagora, ya sa a yi sauka lafiya.