Wushiryar Inna

Ibohaman, ranar Lahadi.

Zuwa ga yayana Kamilu, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga wanta, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Fa'iza da ɗiyata Zaliha. Allah ya tsare ka cikin aikin nan naka na bakin ruwa, ya sa albarka cikin guminka. Mu nan mun gode Allah. Gero ya shiga rumbu, dawar fadama ce dai tsuntsu ya raba mu da rabinta. Maigidana Mahfuzu ya koma lambun albasa. Gwaggo Balki tana nan, ƙafarta na ciwo, bakin kuwa lafiya lau kamar yadda ka san shi. Na ba Mati takardar nan hannu da hannu, tunda gobe zai kama hanyar komawa wajenku. Ba ƙyuyar kira ta sa na ɗauki biro ba. Katanga guda ta raba ɗakina da na Inna, kuma maganar da zan yi maka ba ta jin kunnenta ba ce.

Na ji saƙon muryar da ka aiko mini sati uku da suka wuce. Ka ce wata takwas ke nan Inna ta ƙi karɓar wayarka, ba ta zauna gaban bidiyo ba, ko muryarta ba ta bari ka ji ba. Ka ce ka duba kanka ciki da waje ba ka ga laifin da ka yi ba, kuma ka fasa zuwan da ka yi niyya da sallah, don ɗa ba ya kutsa kai inda uwa ta kau da fuska. Yaya, wallahi Inna ba ta fushi da kai. Ni ce nake ta yi maka ƙarya, yau na ce ta tafi daji, gobe na ce tana barci, jibi na ce wayar ba caji. Ita ta sa ni, amma da bakina na yi, kuma na gaji da ɗaukar wannan kaya.

Ga abin da ya faru. Da ranin da ya wuce aka buɗe aikin gyaran fako a kan tudun gabas da gari, ana haƙa ramuka masu siffar rabin wata ana jera duwatsu don su tare ruwa. Na hana ta zuwa, Mahfuzu ya hana ta. Ka san halinta. Ta ce tun muna goye take ɗaukar dutse a kan tudun nan, itatuwan da muke shan inuwarsu yau da kanta aka tsayar da su, ba mu za mu koya mata ba. A rana ta huɗu tsakuwa ta zame mata tana saukowa da kaya a ka, ta faɗi da baki kan wani faffaɗan dutse. Da aka kawo ta gyalenta ya jiƙe sharkaf. Haƙora biyu na gaba sun zube a can, biyun da ke gefensu sun karye, sai da aka cire guntayen a likitar Keita. Kalmar farko da ta iya fitarwa, bakinta cike da auduga, ita ce kada a gaya wa mutumin Abijan. Haka take kiranka, ka sani, tunda kai ne ɗan farinta kuma sunanka bai taɓa fita daga bakinta ba.

Miki ya warke, amma Inna ba ta dawo ba. Matar da ake jin dariyarta tun daga rijiya ta koma magana da gefen gyale a baki. Ta bar zuwa suna, ta bar zuwa biki. Abinci sai ta juya wa mutane baya. Goro ma da ba ta rabuwa da shi, yanzu sai na goga mata a magogi. Muryarta ta sake, wasu kalmomin iska ke tafiya da su, shi ya sa ko gaisuwa ta ƙi yi maka a waya, wai za ka gane. Na ce mata Inna, kowace tsohuwa a garin nan da giɓinta, wawulo nawa ne ke zaune cikin taro suna ɓarka dariya? Sai ta tuna mini da wata magana taka da ni har na manta. Wai akwai ranar da ka ce mata a bidiyo, in kewar gida ta kama ka madubi kake ɗauka ka yi dariya, ka ga wushiryar Inna a bakinka, sai ranka ya yi sanyi. A ranar ta kau da kai ta ce kana da shirme. Ashe ta ajiye maganar. Ta ce mini abin da ka tafi da shi na gida ke nan, in ka ga rami a wurin ta ɓata maka shi.

Bayan an gama shuka na matsa mata, na haɗa ta da Gwaggo Balki, muka kai ta wurin wani likitan haƙori a Tawa. Mutum ne mai haƙuri, ya zaunar da mu ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce hanya uku ce. Akwai wanda ake dasa ƙaramar kusa cikin ƙashi, a jira wasu watanni ta kama, sannan a ɗora haƙori a kai. Wannan sai Yamai, kuma da ya duba hoton ƙashinta ya ce ya yi siriri, ga hawan jininta, ba zai ba mu shawarar haka ba. Akwai wanda suke ce wa gada, a kankare fiƙoƙin da ke gefe biyu a rataya sababbin a jikinsu, ba a cirewa. Inna ba ta bari ya kai ƙarshe ba, ta ce wanda dutse ya bar mata ba za ta ba ƙarfe ya ci ba. Shi ma ya ce ɗayan yana girgiɗi, ba zai ɗauki nauyi ba. Sai na uku, haƙoran roba masu ɗan faifai da ke manne wa ganɗa, a sa da safe, a cire a wanke, a jiƙa cikin ruwa kafin a kwanta. Shi muka zaɓa. Ya cika wani abu kamar babban cokali da kwaɓi mai laushi, ta ciza, ya ɗauki siffar dasashinta.

A nan ne na yi kuskuren da har yau yake cin raina. Likitan ya tambaya ko muna da hotonta na da, wanda haƙoranta suka fito, don ya kwaikwaya. Na bincike wayata kaf. Hoton katin zama ɗan ƙasa, baki rufe. Na sunan yarana, baki rufe. Ka san manyanmu, da an ɗaga waya sai su ɗaure fuska kamar an kai su gaban alƙali, wai babba ba ya washe baki a hoto. Matar da ta yi shekara sittin tana dariya, ba mu da dariyarta ko guda a ajiye. Sai ya juya ya tambaye ta yadda haƙoranta suke a da. Ina za ta iya kwatanta kyan bakinta gaban namiji baƙo? Ta sunkuyar da kai. Ya dube ni, ni kuma da rawar kaina na ce ya yi mata masu kyau kawai, farare, a jere. Ba mantawa na yi da wushiryar ba, Yaya. Na ɗauka sabo ai ya kamata ya fi tsoho. Kuma in zan faɗi gaskiya, ni da na gado cunkusasshen bakin Baba, ban taɓa sanin darajar abin ba sai dai kishinka da nake yi muna yara.

Da muka koma karɓa, aiki ya yi kyau, ba laifin mutumin ko kaɗan. Farare tas, manne da juna, ko zare ba zai ratsa ba. Ya sa mata, ya miƙa mata madubi. Ta daɗe tana kallo, ta yi masa godiya, muka kamo hanyar gida. Mata suka cika gida ganin ido. Gwaggo Balki, da niyyar yabo, ta tafa hannu ta kira Inna da sunanta ta ce wallahi Yalwa kin zama wata, kamar ba ke ba. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Inna ta shiga ɗaki. Da na bi ta na iske ta naɗe su cikin tsumma ta tura ƙasan kwallayenta. Ta ce mini bakin wata mata ne aka ara mata, ita ba ta san ta ba. Ta ce wushiryar nan ta uwarta ce, da ita Baba ya gane ta cikin ƴammata a kasuwar Tabotaki, kuma jan furen taba da goron da ya zauna a haƙoranta shekarunta ne. Ta fi son ramin, don shi aƙalla nata ne. Tun ranar ba ta sake taɓa su ba. Fura da kunu take sha, tuwo sai loma biyu ta ture. Ta rame, Yaya. Zanen da take ɗaurawa da ƙyar yanzu har ya yi saura. Ina kallonta tana sheƙa hatsi sai in ji hawaye sun zo mini.

Saƙon naka kuwa, ban san abin da ke ciki ba na kunna shi a tsakar gida, tana zaune tana tsinke zogale. Ta ji komai, har inda muryarka ta karye. Ba ta ɗaga kai ba, ta ci gaba da tsinka har ta haɗa da itacen. Ranar ko furar ba ta sha ba. Kwana biyu bayan nan ta turo aka kira ni da safe, na iske ta ta yi shiri, tsumman nan a ƙulle a bakin zanenta. Ta ce mu koma Tawa.

Abin da na gani a can ba zan manta da shi ba. Inna da kanta ta sauke gyale daga baki gaban likitan, ta ce masa tana so a sake, kuma akwai baki irin nata sak a duniya, yana can bakin teku. Sai ta shiga kwatanta bakinka. Ta ce wushiryar ƙwayar dawa guda za ta zauna a ciki daidai, ta fi faɗi daga ƙasa. Ta ce haƙorin dama ya ɗan fi na hagu tsawo, kuma ya ɗan kauce gaba. Ta ce akwai ɗan ɓalli a gefen na hagun, na ranar da jakin Baba ya kayar da kai kana shekara tara, wannan kada a sa mata, naka ne kai kaɗai. Ni da na tashi tare da kai ban san rabin wannan ba. Matar da muka ɗauka ba ta taɓa kallonka ido da ido ba, wadda ka sha yi mini ƙorafi kana yaro cewa ta fi sona, ashe ta haddace ka haƙori bayan haƙori. Likitan ya ce zai iya, zai bar tsakanin, zai kuma rage farin ya kusanci launin sauran nata. Amma yana son hoto don kada a sake yin kuskure. Ya ɗauki biro ya tambayi sunan ɗan nata. Ta buɗe baki, na rantse na ɗauka yau za ta faɗa. Hawaye suka zubo mata, sai ni na faɗa masa.

To, ga roƙona. Ka sa Fa'iza ta ɗauke ka hoto da rana, a wuri mai haske, kusa sosai, ka aiko ta wayar Mahfuzu. Kada ka ɗaure mana fuskar nan taka ta manya. Kuma kada ka jinkirta, don likitan ya ce dasashi yana ƙara shanyewa in an bar shi ba komai, ni kuma ba dasashin ne ya fi ba ni tsoro ba, jikinta ne. Maganar fasa zuwa ka janye ta. Ba za ta taɓa ce maka ka zo ba, ka sani. Amma ta sa an yi wa ɗakinka sabon yaɓe, ta ce wai don kada damina ta rushe shi, alhali damina ta wuce. Idan ka zo kada ka nuna mata na gaya maka komai. Ka gaishe ta daga bakin ƙofa yadda ka saba, ta kau da kai yadda ta saba.

Ka gaida mini Fa'iza da kyau, ka ce na gode da turaren da ta aiko. Ka shafa mini kan Zaliha, an ce ta fara famfara, Allah ya sa sababbin su fito da tsakaninsu. Mahfuzu yana gaishe ka. Gwaggo Balki tana gaishe ka, ba ta san abin da bakinta ya jawo ba kuma ban gaya mata ba. Ka yafe mini ƙaryar wata takwas, ka yafe mini abin da na ce wa likita.

Na san bayan ka karanta wannan babu dariya a ranka. Ka share fuskarka, ka tsaya gaban wayar, ka yi ta duk da haka, ka buɗe bakin sosai. Tamu ta zube a kan tudu, wadda ta rage tana wurinka.

Wassalam. Ƙanwarka mai kewarka,

Shamsiyya.