Na Saya wa 'Yata Mage Alhali Na San Korarmu Aka Yi

Assalamu alaikum Admin da masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana. Masu saurin zagi kuma ku daure ku kai ƙarshe tukuna, duk sunan da za ku kira ni da shi na riga na kira kaina.

Ni magidanci ne a Riyad, ina kula da kaya a wani sito a Birnin Masana'antu na Biyu, muna zaune a Jaradiya da matata da 'yarmu ɗaya tilo, bari in kira ta Hanan. A nan aka haife ta, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, Najeriya kuwa ba ta san komai nata ba sai cizon sauro. Kafin azumin bana manaja ya kira ni ofis, ko kujera bai nuna mini ba, ya ce kamfani ba zai sabunta iƙamata ba, takardar izinin zamana a Saudiyya, tana ƙarewa huruj za a buga mana, wato fita ba dawowa. Ƙuruciyata a sitonsu ta ƙare, gwiwata a can ta lalace, amma maganar ba ta kai tsawon shan kofin shayi ba. Na dawo gida na ci abinci kamar ba abin da ya faru. Na ce sai bayan Sallah zan faɗa musu, bayan Sallah na ce sai Hanan ta gama jarrabawa, har yau ban faɗa ba.

Ana cikin haka Hanan ta tasa ni gaba da maganar mage. Uwar ƙawarta ta makaranta, wata Balarabiya da ake kira Ummu Rakan, tana da wani gida a bayan gari inda take tara magunan da mutane suka yar, ta yi musu magani, ta ba wanda zai riƙe kyauta. Hanan kan bi ƙawar can su taya shara, har ta maƙale wa wata ramammiya ruwan toka mai yankakken kunne, ta raɗa mata suna Simsim. Na ce mata mu a garinmu mage da kanta take shigowa gida ta kama ɓera, ba a zuwa neman aurenta. Ta yi ta magiya har na ɗauki mota muka je.

Ashe neman auren ne kuwa. Hanan na can ciki tana wasa da Simsim, matar nan ta tsare ni a tsakar gida da tambayoyi. Tagoginmu da raga? Mai gidan haya ya yarda? Duk na amsa. Sai ta rage murya ta ce, "Abu Hanan, kar ka ji haushi, kowa nake yi wa wannan tambayar. Idan wata rana aka buga muku huruj, za ku tafi da ita? Ka ce wallahi, in ba ka ita yanzu." Ta nuna mini wasu farare masu tulin gashi a lungu, ta ce, "Ka ga waɗancan? A shago aka saye su. Masu su sun hau jirgi, mu muka tsince su a gindin bola cikin zafin nan, ko neman abinci ba su iya ba."

Jama'a, ba zan ɓoye muku ba, ba kunya ce ta fara kama ni ba, haushi ne. Mage tana da mai tambaya mata inda za ta kwana baɗi, ni fa? Wa ya tsare manajana ya ce ya rantse? Wa ya tambaye shi inda yarinyar da aka haifa a garin nan za ta sa kanta? Na ƙi rantsuwar, wannan kaɗai zan iya cewa na yi daidai. Na kira Hanan na ce mu tafi.

A mota ta ce, "Baba, lesh? Me ya faru?" Wallahi ban shirya ba, bakina ne ya riga ni. Na ce, "Ta ce ba ta ba Takruni mage." Kun san yadda kalmar nan take sukar baƙar fata a ƙasar nan. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ta juya tana kallon titi kawai. Ni kuma don in rufe abin da na yi, na karya kan mota zuwa shagon sayar da dabbobi. Can babu mai tambayar taga, babu mai tambayar huruj, mai shagon cewa ya yi kawai, "Wace kala kuke so?" Na saya mata fara sol mai tulin gashi, irin waɗanda aka nuna mini a lungu sak. Ta sa mata Lulu.

Daga ranar Hanan ta daina kula ƙawarta. Yarinyar da ta tashi tana cewa "mu", yanzu in za ta ambaci 'yan ajinsu sai ta ce "su". Ko malama ce ta manta ba ta kira sunanta ba, sai ta dawo ta ce, "Baba, na san dalili." Matata kuwa duk sanda zancen ya taso sai ta ja wa baiwar Allahn nan Allah ya isa, ni ina zaune ina jin ta. Abin da ya fi ƙona mini rai, akwai wani ɓangare na zuciyata da ya ji daɗi. Na ce in ta tsani garin, barinsa zai zo mata da sauƙi. Wane irin uba ne yake wannan lissafin a kan 'yarsa?

Yanzu iƙamar ta kusa ƙarewa. Lulu a ƙafar Hanan take kwana, in ta yi ciwo da cokali take ba ta magani. Na koma shagon a ɓoye ko zai karɓi magen, mutumin ya ce abin da ya fita ba ya dawowa. Tafiya da ita kuma ina? Ɗaki ɗaya za mu sauka a gidan yayana a Funtuwa, gidan da yara suka cika, matarsa ko inuwar mage ba ta so. Wuri ɗaya na sani a duk Riyad da za a karɓi Lulu ba a bar ta ta mutu a bola ba, shi ne gidan matar da na yi wa ƙazafi.

Jiya Hanan ta dawo daga makaranta ta tsaya a kaina da jakarta a baya. Ta ce ƙawar ta tare ta dole ta ba ta saƙo: uwarta ta hana kowa Simsim, ta ajiye mata ita, amsa ɗaya kawai take jira daga babanta. Ta dube ni ta ce, "Baba, ai ka ce ita ta hana mu. Amsar me take jira?" Na ce kaina na ciwo, ta bari sai Juma'a.

Juma'ar jibi ce. In na faɗi gaskiya, a zama ɗaya za ta ji cewa za ta bar garinta, za ta rabu da Lulu, kuma wulaƙancin da take ɗauke da shi a ƙirji ubanta ne ya ƙirƙira mata. In na ƙara wata ƙaryar, ranar da za mu tafi filin jirgi ni ne zan tsaya da mota a gindin bola. Iyaye da ke shafin nan, don girman Allah, me zan yi?