Matata Ta Ce Sai Dai In Shigo Ta Rufi

Baba Numeriyus, ka taimake ni, yau kwanana tara ina kwana a ƙofar gidana. Ni falke ne na man zaitun a nan Ostiya, garinmu na bakin teku. Bara jirginmu ya nutse a hanyar Kartaj, labari ya iso gida cewa na mutu. Aka yi mini makoki, aka gina kabari ba gawa, har da rubutun yabon da ban taɓa ji ba ina raye. Ni kuwa ina wani tsibiri ina cin busasshen kifi.

Da na dawo, matata Sabiniya ta yi kuka, ta shafa fuskata ta taga, sannan ta ƙara wa ƙofa sakata. Ka san al'ada, wanda aka yi wa makoki ba ya shiga ta ƙofa, sai an zuro shi da igiya ta kafar rufin da ruwan sama ke zubowa. To Baba, ni mutum ne mai jiki, kuma tun ina saurayi wani mai duban hanjin tumaki ya ce faɗuwa ce ajalina. Ko kujera ba na takawa. Ƙanena Fostumus, wanda ke yawo da mayafina na zuwa majalisa, shi ya fi kowa ɗokin riƙe igiyar. Maƙwabta sun fara fitowa da kujerunsu don kallo. Ina jin kunya, ina jin tsoro, kuma ina kewar gadona. In kai ta ƙara ne?

Mamaci Mai Jin Sanyi

Ɗana Mamaci,

Barka da dawowa. Maganar ƙara ka ajiye ta. Alƙali zai fara neman shaidu cewa kana raye, kuma dutsen kabarinka ya fi ka iya magana.

Tsoronka ba abin dariya ba ne, ko da yake na ɗan yi. Amma ka yi tunani: mai duban da bai hango jirgi guda yana nutsewa da kai ba, yaya aka yi ya hango tsanin hawa rufi? Ka shekara talatin kana gudun kujera, ƙaddara ta same ka a kan ruwa, ta kuma sake ka.

Ita ma Sabiniya tsoro take ji. Ta binne ka sau ɗaya, tana gudun ka shigo ta ƙofa mutuwa ta biyo ka. Macen da ba ta son mijinta ba ta shafa masa fuska ta taga.

Gobe da hantsi ka nemo masu dakon tashar jirgi huɗu da igiyar ɗaure jirgi. A cika kwamin ruwan tsakar gida da ke ƙarƙashin kafar rufin, a zagaye shi da katifu. Al'ada ta ce ta rufi, ba ta ce da ido buɗe ba, ka rufe abinka. Fostumus kuwa a ba shi riƙon takalmanka, a can ƙasa, nesa da igiya.

Ka hau, ɗana. Matarka ta gaji da zaman takaba da miji a bakin ƙofa. Ina yi maka fatan sauka lafiya.

Baba Numeriyus